Yadda ake wankan ruwan sanyi a Legas ba tare da numfashi ya sarƙe ba

Ruwan tankin da rana ta yini tana dafawa a kan rufi ba ya cikin lissafi. Ka tari ruwanka da daddare a bokitin ƙarfe, ya kwana a waje, ka yi wankan bayan asuba. In kana so ya ciza, jefa rabin bulon ƙanƙara. Bulo guda ɓarnar kuɗi ne, balle ranar da unguwar Agege ta kwana ba wuta, masu ƙanƙara sun tsuga kuɗi.

Kofin farko ne ke kayar da mutane. Ni a ka na fara sheƙa shi, numfashi ya fizge, ruwa ya bi ta hanci, na dafe bango ina tari har maƙwabci ya buga ƙofar banɗaki yana tambayar ko lafiya. Da zarar sanyi ya taɓa fata, jijiyoyi kan saki sinadarin noradirenalin, hanyoyin jinin fata su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Daƙiƙa 30 na farko su ne masu wuya. Don haka fara da ƙafa, sai hannu, sai ƙirji. Kana zubawa kana fitar da iska ta baki a hankali, kamar mai hura koko mai zafi. In numfashi ya kufce, ajiye kofin har ya daidaita. Kai shi ne na ƙarshe. Bayan wanka biyar ko shida jiki kan saba, fizgar ta ragu sosai.

Kada ka daɗe. A wani bincike da aka wallafa a 2016, an raba mutum sama da 3,000 a ƙasar Holan gida huɗu: gida uku sun riƙa rufe wankansu da ruwan sanyi na daƙiƙa 30, 60 ko 90, gida na huɗu ya ci gaba da wankansa yadda ya saba. Fashin aiki saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 29 cikin 100 ga masu ruwan sanyi idan aka gwada da gida na huɗu, kuma masu 90 ba su fi masu 30 ba. Sai dai kwanakin da suka yi cikin ciwo ba su ragu ba, saboda haka mai ce maka garkuwar jikinsa ta zama ƙarfe, ya dai ci gaba da ɗaura gidan sauro.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna. Mai sikila kuwa kada ma ya gwada, sanyi na tayar da ciwon. In ka gama, goge jiki, sa riga, ka wuce wurin mai shayi.