Idan lanhon gida ya zo da yawa: yadda ake neman gyara a Maradi

Wanda ya shiga biron haraji ya ce "wallahi kuɗin nan sun yi mini yawa", haƙuri za a ba shi ya koma gida, wa'adi na tafiya, tara na hawa. Abin da ma'aikaci ke da ikon gyarawa shi ne kuskuren da aka nuna masa a rubuce: an ƙara kuɗin haya, an ƙara ɗaki, an rubuta gidan zama a matsayin gidan haya, ko an ɗora wa mutum gidan da ya sayar tuni.

Ka fara tantance wace takarda ce a hannunka. Harajin da ake kira taxe d'habitation, wanda dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta shigo da shi aka haɗa da takardar kuran ta NIGELEC, daban yake. Taxe de voirie kuma ta meri ce. Wadda muke magana a kai ita ce ta babbar hukumar haraji ta ƙasa, Direction Générale des Impôts, mai ɗauke da sunanka, lambar ilo da ta farsel, da wani adadi da ake kira valeur locative. Wannan adadin shi ne uwar lissafi: kuɗin hayar da aka ɗauka gidan na kawowa, ko zai iya kawowa, a shekara. A kansa ake cire kaso.

Ga yadda ƙaramin kuskure ke girma. A ce gidanka a unguwar Zariya ɗaki huɗu ne, kowane ɗaki jika 15 a wata. Jika 60 ke nan, a shekara 720.000 F. In kason da aka buga a takardarka 10 cikin 100 ne, lanhonka 72.000 F. Ranar ƙidaya ba ka nan, ma'aikaci ya ga gini na siminti da ƙofar ƙarfe, ya kwatanta shi da na maƙwabta, ya rubuta jika 25 kowane ɗaki. Shekara ta koma 1.200.000 F, lanho 120.000 F. Jika 48 sun hau kanka, kuma haka za su riƙa dawowa duk shekara har sai an gyara rajista. Sai a kula da ƙirgen dala: ɗan haya da ya ce yana biyan "dubu huɗu" jika 20 yake nufi. A duk takardar da za ka kai, rubuta adadi da faran, da lamba, kada a bar wa mai karatu fassara.

Bayan adadi, duba abin da aka ce ana yi da gidan. Gidan da mai shi ke zaune da iyalinsa, da wanda aka ba ƴan haya su kwana, da wanda aka ba ɗan kasuwa ya yi shago ko magaza, doka ba ta yi musu kuɗin goro ba. A Maradi nan ne aka fi samun tangarɗa, domin gida ɗaya yakan haɗa ukun: iyali a ciki, shaguna biyu a bakin titi, ɗakin samari a zaure. In ba a rarrabe ba, sai a lissafa gidan gaba ɗaya da kason da ya fi tsada. Amma ka binciki kanka kafin ka tafi. In akwai shagon da ka fitar bara ba a san da shi ba, neman gyara zai jawo a sake zuwa a duba, kuma za a gan shi. Wani lokaci lissafin gaskiya yakan fi wanda kake kuka da shi.

Hujja ita ce jarin wannan tafiya. Ka haɗa fotokopi na takardar lanhon kanta, da takardar mallakar fili, acte de cession ko titre foncier, da katin ɗan ƙasa, da kitansin shekarun baya in ka biya. Kitansin bara na da ƙarfi ƙwarai: in gini bai canza ba amma adadi ya ninka, tambayar ta koma kansu. Don kuɗin haya, kwantiragi a rubuce ya fi komai, musamman wanda aka yi wa rajista a biron haraji. Mafi yawan hayar garin nan da baki ake ƙulla ta, don haka in babu kwantiragi, kawo littafin rasit mai sa hannun ƴan haya wata bayan wata. Kada ka rage adadi da hannunka. Ana tambayar ƴan haya, kuma ɗan hayan da kuka saɓa ba zai rufa maka asiri ba.

In ɗaki ya zauna babu kowa, takardun kuran da na ruwa masu nuna kwantar ba ta motsa ba sun fi rantsuwa. In gini ya faɗi, kamar yadda damanar 2024 ta rusa gidaje da yawa a Maradi, ɗauki hotuna, kuma in kuɗin da ake jayayya a kai sun fi ladan wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, kira shi ya rubuta abin da ya gani. Gidan gado da har yanzu ke da sunan marigayi, sai magada sun kawo takardar gado da ta taron iyali mai nuna wanda aka wakilta. Gidan da aka sayar ba a sauya suna ba, takardar ciniki za ta taimaka, amma lanho zai ci gaba da bin tsohon mai gida har sai an yi mutation, wato sauya sunan mai gida a takardu.

Wasiƙar kanta shafi ɗaya ya isa. Da Faransanci ake rubuta ta, a sa mata suna réclamation, a aika ga hukumar haraji ta hannun biron da ya fitar da takardar ko Direction Régionale des Impôts ta Maradi. A ciki: sunanka da adireshi, lambar NIF, wato lambarka ta mai biyan haraji, in kana da ita, irin harajin da shekararsa, lambar takardar, ilo da farsel, kuskuren da aka yi, adadin da ka yarda da shi da wanda kake so a cire, sai sa hannu. In wani ne zai rubuta maka, sa ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu. Masu rubutun sun saba da salon roƙo, alhali roƙon sassauci saboda talauci ko ciwo hanya ce daban, remise gracieuse, kuma wanda ya bi ta ya nuna bai musanta bashin ba.

Yi kofi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗaya a buga maka hatimi da kwanan wata ka riƙe. In babu wannan hatimin, ba ka da abin nuna cewa ka kai kuka cikin lokaci. Wa'adin na ƴan watanni ne, kuma daga ranar da aka fitar da takardar biya yake fara tafiya, ko da ta kwana biyu a hannun ɗan haya kafin ta iso ka. Dokar kasafin kuɗi takan taɓa shi, saboda haka ka kai dosiye cikin makonnin farko, ko da wata hujja za ta biyo baya.

Kai kuka ba ya tsayar da karɓar kuɗi shi kaɗai. Biya ɓangaren da ka yarda da shi, a misalinmu 72.000 F, a wurin mai karɓar kuɗi, ka amshi kitansi na hukuma. Sauran kuma ka nemi a jinkirta, sursis de paiement, a cikin wasiƙar ɗaya. Wanda ya ƙi biyan komai yana jiran amsa, tara za ta same shi, kuma hukuma na iya rubuta wa ɗan hayarsa ko bankinsa cewa su zuba mata kuɗin kai tsaye. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu a gefe ya "gyara maka", adadin na nan a rajista, baɗi zai dawo.

Idan za a zo dubawa, kasance a gida da maɓallan kowane ɗaki, ka sanar da ƴan haya. In an yarda da kukanka, takardar rage lanho, dégrèvement, za a ba ka, ka tambaya ko an gyara valeur locative ɗin a rajista, ba na bana kaɗai ba. In an ƙi, nemi amsar a rubuce, domin da ita ake wucewa gaba, zuwa kwamitin sasanta rigingimun haraji da ake kira CARFI, sannan kotu. Kowane mataki da nasa wa'adin, kuma ana iya neman ka ajiye wani kaso na kuɗin kafin a saurare ka. Kafin ka hau wannan hanya, lissafa kuɗin lauya da na zirga-zirga ka gwada da abin da kake so a cire. Don jika 48 na shekara ɗaya, sau da yawa sabuwar wasiƙa mai cikakkiyar hujja a kan takardar shekara mai zuwa ta fi sauƙi.