Darasi na Tara: Aikin Gayya, Kuɗin Tallafi da Littafin Kwamiti

Tun kafin wata hukuma ta shigo ƙauyukanmu da fom da hatimi, mutanen karkarar Kano da Jigawa sun san yadda ake haɗa hannu. Idan damina ta kankama, ciyawa ta fi ƙarfin wani magidanci saboda jinya ko tsufa, sarkin noma yakan sa a yi shela, samari su fito da fartanya, makaɗi yana biye da su da gangar noma, mai gona kuma ya tanadi fura da goro, kafin azahar an nome gonar tas. Haka ake yaɓen masallaci, da yasar rijiya, da gyaran maƙabarta. A yankin Haɗeja da Guri da Kirikasamma, inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, mutane sukan shiga ruwa da adda da lauje su buɗe wa kwalekwale da gonaki hanya. Mata kuma suna da adashe da biki, waɗanda ba a rubuta su a takarda, amma kowace ta san ranar kwasarta da abin da ake bin ta. Wannan yarda da juna, wadda take sa mutum ya ba da ƙarfinsa yau domin ya tabbata za a rama masa gobe, ita masana suke kira jarin zumunci, kuma a kanta wannan darasi yake magana.

Shekaru da dama gwamnati takan yanke shawara a birni, ta turo ɗan kwangila ya gina abin da aka ga dama, ya tafi. Mutanen gari sukan kira abin "kayan gwamnati", ranar da ya lalace kuwa babu mai ɗaura masa ko da igiya. Daga baya aka sauya salo, aka ce al'umma ce za ta zaɓi aikin da take so, ta riƙe kuɗin, ta kula da shi. Shirin Fadama, wanda aka soma a 1993 da tallafin Bankin Duniya, ya fara ne da rijiyoyin fadama da injinan ban ruwa, amma zangonsa na biyu da na uku sun koma kan wannan salo, inda manoma da makiyaya da masunta da mata masu sana'a suke kafa ƙungiyoyi su tsara buƙatunsu da kansu. Fadama na uku, da aka amince da shi a 2008, ya game jihohi 36 da Abuja. Shirin CSDP, wato shirin raya al'umma da jin daɗin jama'a, da ya fara aiki a 2009 a jihohi da yawa, shi ma haka aka gudanar da shi: gari ya zauna ya zaɓi aiki, ya naɗa kwamiti, ya buɗe asusun banki, ya kawo kashi goma cikin ɗari na kuɗin.

Ga misali domin ɗalibi ya gwada lissafinsa. A ce rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana za ta ci naira miliyan biyar. Kason gari ya kama naira dubu ɗari biyar. Idan magidanta ɗari biyu ne a garin, kowane zai kawo naira dubu biyu da ɗari biyar. Sau da yawa ana yarda a biya wani ɓangare da yashi ko tsakuwa ko aikin ƙarfi, sai dai wajibi ne a ƙiyasta kuɗin kowane amalanken yashi a rubuta sunan wanda ya kawo, domin talakan da ya biya da guminsa kada a ce bai biya ba.

Masu tsara waɗannan shirye-shirye sun sa ran riba biyu. Ta farko ita ce rijiya da ajin makaranta da kwalbati. Ta biyu, wadda suka fi yin alfahari da ita, ita ce wai zaman taro da zaɓen kwamiti za su ƙara wa mutane yarda da juna, su koya wa mata da matasa da talakawa yin magana a gaban manya, har abin ya zame musu ɗabi'a bayan kuɗin ya ƙare. An gwada wannan zato a ƙasashe da dama, kuma ya kamata mu faɗi sakamakon yadda yake. A ƙasar Saliyo an bi diddigin wani shiri mai suna GoBifo a ƙauyuka 236, rabinsu sun sami tallafi, rabi ba su samu ba, aka fitar da sakamakon a 2012. An tarar gine-gine sun tsaya da kyau, kasuwanci ya ɗan motsa, kuɗi bai salwanta sosai ba. Amma da aka duba yadda ake yanke shawara a gari bayan shekaru kusan huɗu, sai aka ga matan da shirin ya tilasta a sa su a kwamiti ba su fi matan sauran ƙauyuka yin magana a taro ba. Riba ta farko ta samu, ta biyu kuwa ba a gan ta ba.

Ni wannan sakamako bai ba ni mamaki ba, domin na sha zama a irin wannan taro a ƙofar gidan dagaci. Ana shimfiɗa tabarmi, manya su zauna a gaba, matasa su tsaya a baya suna jingine da babura, jami'in shiri ya tambaya me gari yake so, sai kowa ya dubi bakin mutum ɗaya. Abin da ya faɗa shi ne "ra'ayin al'umma". Matan aure suna cikin gida, sai dai a rubuta sunayen biyu ko uku a takarda don a cika sharaɗi, wani lokacin ma ba a gaya musu ba. Fulanin da suke ruga a bayan gari, waɗanda rijiyar ta fi shafa saboda dabbobinsu, ba a aika musu ba. Ba wai ina zargin shugabannin gargajiya ba ne. Dagaci na gari shi ne ginshiƙin kowane aiki, kuma babu gayyar da take tashi ba da yawunsa ba. Abin da nake nufi shi ne, taron da aka kira don a cika fom ba ya sauya halin gari, kuma idan aka yi sakaci yana iya rage abin da ake da shi. Na ga garin da samari suka daina fitowa gyaran hanya kyauta, suna cewa ai an turo kuɗi, a biya su. Kuɗin ya ƙare a shekara ɗaya, zargin da ya bari kuwa ya fi shekara biyar ana fama da shi.

Inda na ga abin ya yi albarka, dalilin ɗaya ne: an karanta lissafi a bainar jama'a, kuma an sami masu iya bin karatun. A wani ƙauye da na koyar, an gama ginin ɗakin shan magani, sakataren kwamiti ya miƙe bayan sallar la'asar yana karanta abin da aka kashe. Ya ce an sayi siminti buhu ɗari da ashirin. Wani dattijo ɗalibinmu, wanda bai fi wata takwas da fara riƙe fensir ba, ya zaro ƙaramin littafi daga aljihun gaban rigarsa. A zaurensa aka ajiye simintin, kuma duk buhun da aka sauke yakan ja masa layi ɗaya, idan sun kai biyar ya ratsa su. Ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ni dai ɗari da biyar na ƙirga." Wuri ya yi tsit. Dagaci ya ce, "Malam Sakatare, a kawo rasit." Da aka duba sai aka tarar an biya kuɗin ɗari da ashirin, amma buhu goma sha biyar suna shagon mai siminti ba a ɗauko ba, an manta da su cikin hidima. Babu wanda aka kira ɓarawo, kuma washegari aka je da amalanke aka kwaso su. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai: da aka yi shelar karo-karon gyaran rufin makaranta bayan girbi, har waɗanda suka saba noƙewa sun kawo nasu, domin sun ga da idonsu ana iya tambaya a ba da amsa.

Wani bincike da masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya yi a ƙauyuka fiye da 600 na ƙasar Indunusiya, wanda aka buga a 2007, ya ƙarfafa wannan darasi. Ya sa injiniyoyi sun haƙa hanyoyin da ƙauyuka suka gina, suka auna dutse da yashin da aka zuba, aka kwatanta da abin da aka rubuta. Ya gano cewa sanar da gari tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo ya rage salwantar kuɗi da kimanin kashi takwas cikin ɗari na kuɗin aikin. Yawaita gayyatar mutane taro kuwa bai rage sosai ba, sai dai ta wajen ladan leburori, wanda kowa ya san abin da ya shiga hannunsa. Kayan gini, da ba kowa yake ƙirgawa ba, nan ne ɓarna ta fi ɓuya. Saboda haka cika fili da mutane bai wadatar ba, sai an sami mai ƙirga buhu, kuma sai gari ya yi maraba da mai bincike daga waje maimakon ya ɗauke shi abokin gaba.

A nan ne ajin yaƙi da jahilci yake da babban aiki. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma amfanin wannan ilimi bai tsaya ga rubuta suna ba. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba. Idan an naɗa shi a kwamiti, zai nemi kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya, kuma kada a cire ko sisi daga banki sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Zai nemi a manna lissafi a bangon masallaci ko na makaranta da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, tunda dattawa da yawa ajami suka fi ganewa. Game da mata, abin da ya fi dacewa da al'adarmu shi ne su yi nasu zaman a cikin gida, a gidan mai unguwa ko a makarantar Islamiyya, su rubuta abin da suka zaɓa, wata dattijuwa ko malamarsu ta kawo takardar a karanta ta a babban taro kafin a yanke hukunci, ba bayan an yanke ba. Su da 'ya'yansu ne masu ɗibar ruwa, don haka sun fi kowa sanin inda ya kamata famfo ya zauna.

Akwai kuma maganar gyara, wadda ake yawan mantawa ranar buɗe aiki. Famfon tuƙa-tuƙa yana cin roba, inji yana ƙonewa. Garin da ya yanke ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka ko a kowane wata, ya rubuta shi a littafi, ya koya wa saurayi ɗaya ko biyu gyara, shi ne rijiyarsa take kai shekaru. Kwamitin da ya saba da wannan shi ne yake samun ƙarfin zuciyar rubuta wa kansila ko shugaban ƙaramar hukuma takarda a kan ƙarancin malamai, ko ya shiga kwamitin kula da makaranta ya tambayi inda kuɗin gyaran aji ya tafi.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya zaɓi aiki ɗaya na jama'a a garinsu, ko rijiya ko aji ko kwalbati. Ya rubuta shekarar da aka yi shi, da wanda ya zaɓe shi, da abin da gari ya bayar, da sunan muƙamin wanda yake riƙe da littafinsa a yau. Idan aikin ya lalace, ya tambayi mutum uku dalili, ɗaya daga cikinsu mace ce, ya rubuta amsar kowa yadda ya faɗa ba tare da ya gyara ba. Ɗalibai mata su yi tambayar a cikin gidaje. A zo da littattafan ranar darasi, za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, sannan mu rubuta takardar neman ganin lissafi tare a kan allo.