Yadda matashi zai gina sana'arsa a sahun gaba na wasan zari-ruga

Daga cikin 'yan wasa 15 da kowace ƙungiya ke fitarwa fili a wasan zari-ruga, takwas ne 'yan gaba, masu lamba 1 zuwa 8, kuma su ke ɗaukar aikin ƙarfi: turereniyar da ake yi kafaɗa da kafaɗa, ƙwato ƙwallo a ƙasa, da cafe ta a sama idan aka jefo daga gefen fili. Don haka abu na farko shi ne ka san gurbin da ƙirar jikinka ta dace da shi. Dogo ya nemi lamba 4 ko 5, kakkaura mai ƙarfin wuya kuwa ya nufi layin farko na turereniya, wato lamba 1 zuwa 3.

Hanyar da ɗan wasan gaba Maro Itoje ya bi a Ingila ta isa misali. An haife shi a Landan a 1994, iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fara wasan a makaranta, sannan ya shiga sashen horar da matasa na ƙungiyar Saracens. Kafin ya samu gurbi na dindindin, sai da ya buga wa ƙaramar ƙungiyar Old Albanians, kuma a nan matasa da dama ke kuskure, domin suna ɗaukar aro zuwa ƙaramin rukuni a matsayin raini. A ganina babu makarantar da ta kai wannan, saboda dabarun turereniya ba a ɗakin motsa jiki ake koyonsu ba, sai an gwabza da manya waɗanda suka daɗe suna yi. Itoje ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 20 na Ingila suka ci kofin duniya a 2014, ya fara buga wa babbar tawagar ƙasar a 2016, ya zama kyaftin ɗinta a 2025.

Ka ƙara nauyi sannu a hankali ƙarƙashin kulawar mai horarwa, ka ba wuya da baya muhimmanci. Idan ka bugu a kai, kada ka ɓoye wa likita don tsoron rasa gurbi. Tun 2022 dokar hukumar wasan ta duniya ta tanadi hutun aƙalla kwana 12 ga yawancin ƙwararrun da suka samu girgizar ƙwaƙwalwa.

Kada kuma ka ajiye karatu, domin rauni ɗaya na iya kawo ƙarshen kwantiragi. Itoje kansa ya yi digiri a fannin siyasa a jami'ar SOAS ta Landan alhali yana buga wa Saracens.