Yadda ake gyara fayil ɗin Excel da ya ƙi buɗuwa bayan an sauke shi daga manhajar yanar gizo

Idan Excel ya ce fayil ya lalace, ko ya ce tsarinsa bai dace da ƙarshen sunansa ba, kada ka taɓa Office ɗin da ke kan kwamfutar. A nan sababbin shiga suke ɓata yini guda, alhali ɓarnar daga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ta taso.

Fara da buɗe fayil ɗin a Notepad++ ka duba haruffan farko. Fayil ɗin .xlsx na gaske zip ne, da PK yake farawa. In ka ga <table>, shafin HTML ne aka laƙaba wa sunan .xls. Excel 2003 yakan buɗe irin wannan ba ƙorafi, amma daga na 2007 gargaɗi yake fitarwa.

In kuwa ka ga Deprecated ko Warning kafin PK, to ka kama ɓarawon. Yawanci kamfanin da ke ajiye shafin ne ya ɗaga sigar PHP, yaren da aka rubuta manhajar da shi, ba tare da an lura ba. Tsohon PHPExcel, laburaren PHP mai haɗa fayilolin Excel, yana ɗauko harafi daga rubutu da {}; PHP 7.4 yana gargaɗi a kan haka, gargaɗin kuma cikin fayil ɗin yake shigewa ya gurɓata shi. A PHP 8 ma aikin tsayawa yake cak. Kashe display_errors, ka tura kurakurai cikin log. Kira ob_end_clean() kafin ka aika header, sannan ka sa exit nan take bayan save('php://output'). Duba har layin banza da ke bayan ?> a fayilolin da ka haɗa, domin fili ɗaya tak ya isa ya ɓata zip.

Wannan faci ne kawai. An daina kula da PHPExcel, ka koma PhpSpreadsheet, kyauta ne. Abin lura: Composer, manhajar da ke saka laburaren PHP, yana zaɓar sigar da ta dace da PHP ɗin kwamfutarka, ba na sabar ba. Rubuta sigar sabar a config.platform.php cikin composer.json, ka tabbatar an kunna zip a can.

Sauran da sauƙi. Tsarin .xls layi 65,536 ne iyakarsa, .xlsx kuma 1,048,576, don haka ka bar .xls gaba ɗaya. Content-Type, wato header mai faɗin nau'in fayil, ya zama application/vnd.openxmlformats-officedocument.spreadsheetml.sheet. Masu Python, tun sigar 2.0 xlrd ba ya karanta .xlsx, openpyxl za ku saka.

Idan CSV ne kuma ɓ, ɗ da ƙ suka rikiɗe, sa BOM na UTF-8, alamar da ke sanar da Excel tsarin haruffan, a farkon fayil ɗin. Lambobin waya kuwa ka fitar da su a .xlsx a matsayin rubutu, in ba haka ba Excel zai cinye sifirin farko.