Tsakanin rubuta manhaja da binciken fiziks: kurakuran da aka fi yi

Masu bin hanyar da ke tsakanin fiziks da rubuta manhaja iri biyu ne. Akwai wanda ya karanta fiziks, ya wayi gari rabin aikinsa ya koma rubuta manhaja, sai ya fara hangen aikin kamfani. Akwai kuma injiniyan manhaja da ya daɗe yana aiki, amma hankalinsa yana wajen taurari da ƙwayar zarra. Hanyar ta daɗe: Tim Berners-Lee fiziks ya karanta a Jami'ar Oksfod, kuma a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ya gabatar da shawarar da ta haifi yanar gizo a 1989. Inda ake tuntuɓe shi ne kowane ɓangare da abin da yake kira "aiki ya yi daidai", kuma ma'aunin kowanne bai isa shi kaɗai ba.

Mai fiziks yakan yarda da manhajarsa da zarar zanen sakamako ya fito yadda ya zata. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro, domin ba ya yin hayaniya, ba ya nuna alama. A 2006 wasu masu binciken siffar furotin a Amurka sun janye takardu biyar, uku daga ciki a mujallar Science, saboda wata ƴar manhaja da aka rubuta a ɗakin bincike ta juya musu bayanai. Shekaru aka yi ana kafa hujja da sakamakon. Maganin ba shi da wuya. Kafin ka ba manhajarka matsalar da ba wanda ya san amsarta, ba ta wadda ake warwarewa da biro da takarda, kamar lilon da ke kaiwa da komowa, ka ga ko za ta ba da amsar littafi. Ka ajiye aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji da ka yi, tun ranar farko, ka daina tara fayil-fayil masu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshen gaske". Sannan ka sa wani ya karanta abin da ka rubuta kafin a fitar da sakamako.

Shi kuwa injiniya, ya saba idan duk gwaje-gwaje sun wuce, shi ke nan. A fiziks ba haka ba ne. Ka rubuta manhajar da ke kwaikwayon yadda duniya ke zagaya rana, ka yi amfani da hanyar Euler mafi sauƙi, wato ka ɗauki gudun yanzu ka tura duniyar gaba taki ɗaya. Manhajar ba za ta yi gardama ba. Amma ka bar ta ta yi zagaye masu yawa, za ka ga duniyar tana ta nisa da rana, domin kowane taki yana ƙara mata ɗan kuzarin da babu shi a zahiri. Rubutun lafiya lau, hanyar lissafin ce ba ta dace ba. A nan ake komawa ga hanyar Verlet, wadda ba ta barin kuzari ya yi ta hauhawa. Ɗabi'u biyu za su cece ka: ka riƙa sa ido kan abin da dokar fiziks ta ce ba ya canzawa, irin su jimillar kuzari, kuma ka rage girman takin da rabi ka sake gudanarwa. Idan amsa ta sauya sosai, to ba ka da amsa tukuna.

Haka ma ma'auni. A 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lambobi da ma'aunin ƙarfi na fam, wata kuma tana karɓarsu a matsayin niwton, wanda wani ma'aunin ƙarfi ne daban. Ka rubuta ma'aunin kowace lamba a cikin sunanta ko a gefenta.

Wani kuskuren na sabon zuwa shi ne ya tarar da tsohuwar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na Fortran, ya ga ba ta da tsari, ya ce zai sake ta daga tushe. A yi hattara. Layin da kake gani kamar shirme ne, sau da yawa gyara ne da wani ya yi bayan ya sha wahalar gano wata matsala. Ka fara da adana sakamakon da take bayarwa yanzu, ka mai da shi gwaji, sannan ka gyara kaɗan-kaɗan. Wani ɓangaren ma a bar kaza cikin gashinta.

Sai batun digirin digirgir, wanda ake yi wa fahimta biyu, duka a karkace. Wasu suna ganin ba a shiga bincike sai da shi, wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Idan burinka ka jagoranci bincike naka a jami'a, kusan dole ne. Idan kuwa gina kayan aikin bincike kake so, akwai muƙamin injiniyan manhajar bincike, sunan da ya samo asali a Birtaniya a 2012, kuma ba kowane gurbi ne yake neman digirin ba. Ka tantance wanne kake so kafin ka sadaukar da shekaru.

Wanda ya tafi kamfani da niyyar dawowa kuma, kada ya ɓace gaba ɗaya. Manhajojin bincike irin su Astropy ta nazarin taurari da ROOT ta nazarin bayanan ƙwayoyin zarra a buɗe suke, ana karɓar gudummawa daga waje. Ma'ajiyar Zenodo ta CERN tana ba manhaja lambar da za a iya ambatonta a takardun bincike, don haka aikinka zai bar sawu.

Mai barin bincike zuwa kamfani yakan cika takardar neman aiki da sunan ƙwayar da ya nazarta. Mai ɗaukar aiki ba wannan yake nema ba. Ka faɗa masa girman bayanan da ka sarrafa, da yaren da ka yi rubutu da shi, da mutum nawa suka yi amfani da abin da ka gina, da yadda ka tabbatar yana ba da amsa daidai.