Yadda iyaye za su tafi da tsarin makarantar renon yara masu buƙata ta musamman

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 mai jinkirin magana, ko galahanga, ko matsalar ji, ko raunin gaɓɓai, sau da yawa ba zai iya gaya wa malamarsa cewa bai yi barci daren jiya ba. Haka kuma ba zai dawo gida ya ce ya faɗi a filin wasa ba. Yawancin dokokin irin wannan makaranta daga nan suka samo asali: abin da yaro ba zai faɗa da bakinsa ba, dole manya su miƙa wa juna shi a rubuce, kullum.

Shirin safe da kai yaro

Shirin safe tun dare ake fara shi. Yara masu waɗannan shekaru suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana, kuma wanda bai samu ba a aji ake ganin sakamakon. A haɗa jaka kafin a kwanta: kayan canji cikakku kashi biyu, famfas biyar ko shida idan yana amfani da shi, leda ta zuba kayan da suka ɓaci, gorar ruwa da littafin saƙo. A rubuta sunansa a jikin komai, har takalmi.

Ku iso minti goma kafin a shiga aji. Makara a nan ta fi ta sauran makarantu tsada, domin mai koyar da magana da mai gasa gaɓɓai kowa yana da jerin yara, kowane yaro da ɗan lokacinsa na minti 20 ko 30. Idan nasa ya wuce, da wuya a rama masa a ranar.

Sallama ta zama gajera, da kalmomi iri ɗaya kullum, sannan a danƙa hannunsa a hannun malama, kada a sake shi a bakin ƙofa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jira hankalinsa ya tafi kan abin wasa sai a sulale. Ranar farko dabarar tana ci, amma abin da yaron ya koya shi ne mahaifiyarsa tana ɓacewa ba sanarwa, don haka gobe sai ya ƙanƙame ta fiye da yau. Gara ya yi kuka yana ganin tafiyarki.

Wajen ɗauka, sai wanda sunansa ke cikin takarda, kuma ya zo da katin shaida. Ko yaro ya ruga ya rungume mutum ba za a ba shi ba. Idan za a aiko wani sabo, a sanar tun da safe. Idan akwai hukuncin kotu kan riƙon yaro, a kai kwafinsa ofis, don makaranta ba ta aiki da maganar baki a wannan.

Littafin saƙo

Wannan ɗan littafin da ke zirga-zirga a jaka shi ne bakin yaron. Layi huɗu ko biyar sun wadatar kowace safiya: ƙarfe nawa ya yi barci, ƙarfe nawa ya tashi, ya ci abinci ko bai ci ba, yaushe ya yi bayan gida na ƙarshe, wane magani ya sha kuma da wane lokaci. A ƙara duk wani sauyi a gida, kamar haihuwa, tafiyar uba ko sauya ɗaki.

Maganar bayan gida kada a ji nauyinta. Taurin bayan gida ya yawaita a cikin waɗannan yara, kuma wanda ba ya magana yakan nuna ciwo ne ta cizo, duka ko buga kai. Malamar da ta san kwana uku bai yi ba za ta fahimci fushinsa daban da wadda ba ta sani ba. Ciwon kunne da na haƙori ma haka suke ɓoyewa.

Rubuta "jiya ya yi rigima" ba ya amfanar kowa. A faɗi abin da ya faru kafin rigimar, abin da ya yi, minti nawa ta ɗauka, da abin da ya kwantar da shi. Ku ma ku nemi malamai su riƙa rubuto muku haka.

Hotuna da na'urori

Aji yana tafiya ne da jadawalin hotuna: gaisuwa, wasa, wanke hannu, cin abinci, hutu. Ku karɓi kwafin hotunan ku yi amfani da su a gida, da kalmomin da malama take faɗa. Idan aji yana cewa "banɗaki" gida kuma yana faɗin wata kalma, aikin yaron ya ninka. Wasu makarantu suna amfani da tsarin musayar hoto na PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fito da shi a Amurka a 1985, inda yaro yake miƙa hoton abin da yake so. Ko littafin hotuna ne ko kwamfutar hannu mai furta magana, dole ya zo da shi kullum, na'urar kuma da cikakken caji. Ba a ƙwace shi don horo, domin ƙwace shi rufe masa baki ne.

Na'urar ji tana son dubawa kowace safiya. A duba batir, a share dattin kunne da ya toshe ta, sannan a tsaya inda ba ya ganin leɓe a furta sautuka shida na gwajin Ling: a, u, i, m, sh, s. Idan yau bai amsa wanda ya saba amsawa ba, a rubuta. Ƙaramin batirinta kuwa a ɓoye shi nesa, don idan yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu, kuma asibiti ake nufa nan take. Mai takalmin tallafin ƙafa a sa masa safa marar lanƙwasa. Idan aka cire, jan tabon da bai baje cikin minti 20 zuwa 30 ba alama ce takalmin ya matse ko ya yi masa kaɗan.

Magani da rashin lafiya

Magani yana zuwa a kwalinsa na asali, da sunan yaro, da adadi, da takardar izini mai sa hannu. Babba ke miƙa wa babba, ba a barin shi a jakar yaro. Sabon magani a fara shi a gida, inda za a ga yadda jiki ya karɓe shi. Idan likita ya sauya adadi, a sauya takardar ranar, don malamai da abin da ke rubuce suke aiki.

Mai farfaɗiya dole ya kasance da rubutaccen tsari: yadda tasa take farawa, tsawon da ta saba yi, da wanda za a kira. Ƙa'idar ita ce a duba agogo, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, ko cokali ko ruwa. Ta wuce minti 5, a kira agajin gaggawa. Wanda wani abinci ke tayar wa jiki har numfashi ya toshe, allurarsa ta gaggawa a gefen cinya na waje ake yi, kuma aikin iyaye ne su riƙa duba ranar lalacewarta.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 yana hana zuwa makaranta har sai yaro ya yi awa 24 lafiya ba tare da maganin zazzaɓi ba. Amai da gudawa kuwa awa 24 zuwa 48 bayan na ƙarshe, gwargwadon dokar makarantar. Ba shi farasitamol da safe a turo shi ba ya ɓoye komai, domin cikin awa 4 zuwa 6 zafin zai dawo, ya kuma riga ya zauna kusa da yaron da ke da ciwon zuciya ko raunin garkuwar jiki.

Ci da sha, da koyon banɗaki

Idan yaro yana da matsalar haɗiya, ƙwararre ne ke tsayar da kaurin abin shansa da laushin abincinsa, galibi da ma'aunin IDDSI mai matakai daga 0 zuwa 7. Abin da aka tsayar shi za a bi gida da makaranta. Tari lokacin ci, ƙwalla, ko muryar da ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, duk a ba da rahoto. Ya ci a zaune tsaf, ya kuma zauna kamar minti 30 bayan ya gama. Kada a aiko da abin rabawa ga 'yan aji sai an tambaya.

Koyon banɗaki kuma rana ɗaya ake fara shi a gida da makaranta. Kafin nan a yi mako ɗaya ko biyu ana duba famfas duk awa ana rubutawa, har a gane lokutansa. Sai a riƙa zaunar da shi dab da waɗannan lokutan, minti 3 zuwa 5, da matashin ƙafa don kada ƙafafunsa su yi reto. Ya ɓata kaya, a canza masa shiru ba faɗa. Abin da ya fi rushe aikin shi ne kamfai a makaranta, famfas a gida da ƙarshen mako.

Taro da sirri

Aƙalla sau ɗaya a shekara ake zama kan tsarin koyon yaro. Kada ku yarda da buri irin "zai inganta magana", don ba wanda zai iya auna shi. A rubuta kamar haka: zai nemi ruwa da hoto sau huɗu cikin biyar ba tare da an riƙe hannunsa ba. Ƙorafi kuma ba a bakin ƙofa ake yin shi ba, lokacin da idon malama ke kan yara. A nemi ganawa da ita, idan bai warware ba a je wa shugaba. Ba a tambayar lalurar ɗan wani, kuma hoton da wani yaro ya fito a ciki ba a sa shi a intanet sai da izinin iyayensa.