Darasi na 6: Yadda ƙwayoyin jini masu cutar masassara suke manne wa jijiyoyi

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da Gulbin Maradi yake kawo ruwa kuma tabkuna suka cika, gidajen likita suna cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro. Yawancinsu suna warkewa idan an ba su magani da wuri, amma akwai yaron da zai wuni yana wasa, washegari a same shi yana jijjiga ko ya suma. Dalilin wannan yana cikin ƙananan jijiyoyin jini.

Ƙwayar cutar da ta fi yawa a ƙasarmu ita ce Plasmodium falciparum. Idan macen sauro ta zuba ta a jiki, sai ta yi kamar mako guda a hanta tana yaɗuwa, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, inda take girma awa 48 kafin ta fasa ƙwayar ta kama wasu. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Wadda cuta ta shiga kuwa taurarewa take yi, kuma aikin saifa ne ta tace irin waɗannan ta kawar da su. Saboda haka cutar ta samu dabarar guje wa saifa: tana sa ƙwayar jinin ta manne wa bangon jijiya don kada ta isa saifa.

Bayan kamar awa 16 zuwa 20 da shigarta, cutar tana fito da ƙananan ƙuraje a bayan ƙwayar jinin, a kansu kuma akwai wani sinadari mai danƙo da masana suke kira PfEMP1. Jini ba ya tsayawa, don haka mannewar ba ta faruwa farat ɗaya. Ƙwayar jinin takan taɓa bangon jijiya ta kama, gudun jini ya fizge ta, ta mirgina ko ta juya, ta sake kamawa a gaba, har wuraren kamun su yi yawa ta zauna daram, kamar yadda ƙarangiya take kama bakin zane da ƙaya ɗaya kafin sauran ƙayoyin su shige. Wannan ya fi aukuwa a ƙananan jijiyoyi, inda gudun jini yake da sauƙi. Wasu ƙwayoyin ma suna jawo lafiyayyu su dunƙule tare da su, hanyar ta ƙara cushewa, iskar da jini yake ɗauke da ita ta kasa isa inda ake buƙatarta.

Idan cushewar ta faru a ƙwaƙwalwa, ita ce take kawo jijjiga da suma, abin da a gidaje da yawa ake ɗauka iska ce, har a ɓata lokacin da ya kamata a yi a hanyar likita. A jikin mai ciki kuma, musamman cikin fari, ƙwayoyin suna taruwa a mabiyiya, jariri ya zo da ƙarancin nauyi. Shi ya sa ake ba mata maganin rigakafi a wurin awo tun daga wata na 4, aƙalla sau 3.

Maganin da aka sha da wuri yana kashe cutar tun tana ƙarama, kafin ta fito da danƙonta. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji cikin awa 24, a kuma shanye maganin kwana 3 ko da ya samu sauƙi. Wanda yake jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, allurar artesunate yake buƙata, kuma a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne.